Wai fentin mota na zo koyo Kudu?

Jiya bayan la'asar a masallacin makaranta, wani ƙanenmu ɗan aji uku ya tambaye ni a kan me nake furojet. Na ce feshin roba nake a kan silikon. Ya kwashe da dariya, wai "Yaya, ashe fentin mota ka zo koyo Kudu?" Ni ma na dara, amma maganar ta tsaya min a rai.

Jama'a, farantin sola da kuke gani a saman rufi, kafin silikon ɗinsa ya ba da wuta sai an shigar masa da boron ko fosfaras a tanda mai zafin digiri 800 zuwa sama. Wace tandar muke da ita? Ko akwai, ina wutar kunna ta? To akwai wata roba mai ɗaukar lantarki, PEDOT:PSS, da kamfanin Bayer na Jamus ya samar. Binciken irin wannan robar ne ya ba Heeger da MacDiarmid da Shirakawa kyautar Nobel a 2000. A ruwa take zuwa, shuɗiya. In ka shimfiɗa ta siririya a kan silikon ka busar a wajen digiri 130, za ta yi maka aikin wancan ɓangaren. A Jamus an haura kashi 20 cikin ɗari na mayar da hasken rana wuta da ita.

Yawanci juya silikon ɗin ake a inji da gudu, ruwan ya bazu, mafi yawansa ya fantsale a banza, ga shi da dala ake sayensa. Feshi kuwa yana rage asara, yana kama faranti babba, yana kuma shiga lungunan silikon mai gwatso-gwatso.

Ra'ayina, irin wannan aikin ya kamata ɗalibanmu na Arewa su riƙa ɗauka. Mun fiye son taken furojet mai ƙaton suna wanda injinsa sai Turai, ƙarshe a ƙare a kwamfuta ana zana abin da ba a taɓa riƙewa a hannu ba. Ni dai bindigar feshi ce da ƙaramin kwamfuresa da farantin ɗumamawa, kuma sakamakon nawa ne, ko mai kyau ko mara kyau.

Ba zan yaudare ku ba fa. Robar nan tana shan danshi kamar gishiri, ga tsami. Da damina a nan, samfurin da na fesa Litinin kafin Juma'a ya yi laushi, alhali farantin kasuwa garantin shekara 25 ake ba shi. Sufabaiza na ya ce in rufe da gilas, ni kuma ina son in ga yadda zai yi a busasshiyar iskarmu.

Don Allah, duk wanda ke Kano ko Sakkwato yana da rufin da awaki ba sa hawa, ya yi min magana kafin hunturu. Samfuri shida zan aiko, da mita, awo sau ɗaya a rana.