Idan Shago Ya Ƙone, Ina Littafin Bashi?



Ranar Babbar Sallah ta shekarar 2025, a watan Yuni, ana tsaka da hidimar layya, gobara ta tashi a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Tarauni, ta cinye ɗaruruwan shaguna. Kafin nan, a watan Maris na 2016, mun ga abin da wuta ta yi wa kasuwar Sabon Gari. A damunar 2022 kuma ruwa ne ya shiga Kantin Kwari. Allah ya mayar wa waɗanda abin ya shafa da alheri.

Duk lokacin da irin wannan ta faru, lissafin kaya ake yi: waya nawa, dila nawa, miliyan nawa. Amma akwai asarar da ba a cika faɗa ba, wato ta littafi. Littafin bashi, rasit, lambobin abokan ciniki, takardar hayar shago. Kaya idan sun ƙone ana iya samo wasu. Littafi idan ya ƙone, kuɗinka da ke hannun mutane ma ya bi shi.

A gidanmu na ga wannan, kuma ba wuta ba ce. Yayana yana da shagon sari na kayan masarufi a Gyadi-Gyadi, wajen Court Road, yana ba masu shayi da masu tebur kaya bashi, su biya ƙarshen mako. Wani dare aka sheƙa ruwa, rufin ya yi yoyo daidai kan durowar da yake ajiye littafinsa. Da safe rabin shafukan sun manne, tawadar ta narke. Wasu sun zo da kansu sun faɗi abin da ake binsu. Wasu da gaske ba su san adadin ba, domin da littafinsa suka dogara. Wasu kuwa har yau sun sauya hanya.

Na ce masa, "Yaya, ai da ka ajiye kwafi a wani wurin."

Ya ce, "Ke dai bari. A ina? Idan na kai gida yaran nan su yage shi."

Amsar tambayarsa ita ce maganarmu ta yau: abin da masana kwamfuta ke kira girgije.

Sunan ne kawai, ba a sama yake ba. Manyan gine-gine ne cike da kwamfutoci, da wutarsu da na'urorin sanyayarsu da masu gadinsu, mallakar kamfanoni irin su Amazon da Microsoft da Google. Su kuma sai su riƙa ba da hayar wurin ajiya da ƙarfin kwamfutocin ta intanet ga duk mai so. Shi ya sa ake ce masa girgijen jama'a. Kamar gidan haya ne: gini ɗaya, amma kowa da ɗakinsa da mukullinsa. Biyan kuɗinsa kuma kamar mitar wuta ta kati ne, iya abin da ka sha, iya abin da za ka biya.

Amazon ya fara wannan sana'a gadan-gadan a 2006. Daga baya ta iso nahiyarmu: Microsoft ya buɗe cibiyoyinsa a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon ya bi sahu a 2020, Google kuma a 2024. A 2023 Amazon ya buɗe ƙaramin reshe a Legas, a farkon 2025 kuma ya sanar da fara karɓar naira. A ɓangaren gwamnatin tarayya, kamfanin Galaxy Backbone yana da irin wannan rumbu a Abuja, yana da wani a nan Kano.

Da yawanmu ma muna ciki ba mu sani ba. Idan ka sauya waya hirarrakinka na WhatsApp suka dawo, daga can suka dawo. Idan na'urar POS ɗinka ta lalace amma ka ga tarihin cinikinka a sabuwa, domin ba a cikin na'urar yake ba.

To mene ne amfaninsa ga ɗan kasuwa?

Na farko, bayananka ba sa kwana wuri ɗaya da kayanka. Wuta ko ruwa ko ɓarawo idan suka shiga shago, ba su kai ga lissafi ba. Kuma idan aka kafa kwamitin tallafi bayan iftila'i, ko ka je neman jari, wanda ke da shaida a rubuce ba ɗaya yake da mai cewa "na rantse" ba.

Na biyu, rage ɗawainiya. Ɗauki mai kyamis a kusa da Asibitin Malam Aminu Kano da ke da wani reshe a Hotoro, ko mai makarantar kuɗi a Tarauni. A da, idan yana son lissafinsa ya haɗu wuri guda, sai ya sayi babbar kwamfuta, ya tanadar mata janareto da mai, ya ɗauki wanda zai kula da ita. Kowa ya san halin wuta a garin nan. Yanzu hayar wata-wata zai biya, kuɗin da zai kulle a ƙarfe ya zuba a kaya. Idan harka ta buɗe ya ƙara, idan kasuwa ta kwanta ya rage.

Na uku, ido a kan shago daga nesa. Kana Legas wajen sari, ko kina gida kina jego, ana iya ganin abin da ya fita da abin da ya rage a waya. Wannan ba zargin yaran shago ba ne. Kariya ce gare su ma, domin lissafi a fili yana kashe zato.

Sai dai kayan haya ba naka ba ne, kuma dole a faɗi gaskiya. Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun katse a gaɓar Afirka ta Yamma, mutane suka wuni suna fama da manhajojin banki. A irin wannan rana, wanda komai nasa ke girgije sai ya zauna. Su ma rumbunan ba su fi ƙarfin ƙaddara ba: a watan Maris na 2021 wata cibiyar kamfanin OVH ta ƙone a Faransa, wasu masu hulɗa da ita suka rasa bayanansu. Sannan yawancin manhajojin ƙasashen waje farashinsu yana bin dala. Saboda haka ban ce a jefar da littafi ba. A riƙe biyun.

Babbar matsalarmu ma ba ta kai can ba. Mukulli ce. Mutum nawa ne aka buɗe wa asusun Google a shagon da suka sayi waya, ba su san adireshin ba balle kalmar sirrin? Mutum nawa ne layin da aka yi rajistar da shi na yaron shago ne, wanda gobe zai iya barin aiki? Wannan daidai yake da ka kama sito ka bar wa ɗan dako mukullin.

Ga abin da za a iya farawa da shi a wannan makon, ba tare da kashe ko sisi ba sai kuɗin data:

Ka tabbatar asusun da sunanka yake, da layinka. Ka sauya kalmar sirrin, ka kunna tsarin nan da ke turo lamba zuwa wayarka kafin a shiga. Kada ka karanta wa kowa wannan lamba, ko da ya ce daga banki yake.

Google yana ba kowane asusu gigabait 15 kyauta, amma saƙonni da hotuna da ajiyar WhatsApp duk a ciki suke. Don haka a ware wa shago nasa asusun, kada bidiyon biki ya cinye wurin lissafi. A riƙa leƙa shi kuma, domin kamfanin na iya goge asusun da ya shekara 2 ba a taɓa ba.

Duk ranar Alhamis kafin a rufe shago, a ɗauki hoton shafukan da aka rubuta a makon, a tura. Ko ba ka iya kwamfuta ba, ka iya ɗaukar hoto.

Sunaye da lambobin mutane amana ne. Tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya. Mai kyamis da mai makaranta su fi kowa kiyayewa.

Na ƙarshe ya shafi iyali. A rubuta adireshin asusun da kalmar sirrinsa a takarda, a rufe a ambulan, a sanar da uwargida ko babban ɗa inda take. Mun sha ganin rabon gado ya tsaya saboda ba wanda ya san wa marigayi yake bi, wa yake binsa. Ba a banza aya mafi tsawo a Alƙur'ani take magana a kan rubuta bashi ba.

Yayana dai ya gyara rufinsa, ya sayi sabon littafi. 'Yarsa da ke sakandare ce yanzu ke ɗaukar hoton shafukan ranar Alhamis, shi kuma yana tsaye a kanta yana cewa ta matso da wayar, rubutun bai fito ba. Kuɗin da ruwa ya tafi da su ba su dawo ba. Amma daga na gaba ake gane zurfin ruwa.

Allah ya tsare mana dukiyoyinmu, ya sa albarka a nemanmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.