Ra'ayinmu: Batun Nukiliyar Iran Da Masu Awo Da Mudu Biyu

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya haramta zalunci a tsakanin bayinSa, Ya kuma wajabta musu cika alkawari. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, fiye da shekara ashirin ke nan manyan ƙasashen duniya suna kai gwauro suna kai mari a kan batun hana ƙasar Iran mallakar makamin nukiliya. An zauna a Tehran da Jeneba da Biyana da Maskat, an rattaba hannu a takardu, an ƙaƙaba takunkumi, an cire, an sake mayarwa, har a watan Yuni na 2025 aka ajiye alƙalami aka ɗauki bama-bamai. Duk wanda ya san mu ya san akwai saɓanin aƙida mai zurfi tsakaninmu da tafarkin Shi'a wanda aka kafa Jamhuriyar Iran a kansa a 1979, kuma ba mu taɓa ɓoye wannan ba. To amma Alƙur'ani mai girma ya hore mu da yin adalci ko da ga waɗanda muke saɓani da su. Saboda haka muke ganin wajibi ne mu faɗi abin da muka fahimta, cewa abubuwa biyu ne suka riƙa kashe sulhu a wannan batu: saɓa alkawari, da kuma awo da mudu biyu.

Tushen maganar shi ne yarjejeniyar hana bazuwar makaman nukiliya, wadda aka fara sa wa hannu a 1968, ta fara aiki a 1970. Ciniki ne aka ƙulla mai ɓangare biyu. Ƙasashen da ba su da makamin sun yi alkawarin ba za su nema ba, kuma za su buɗe ƙofofinsu ga masu binciken Hukumar Kula da Makamashin Nukiliya ta Duniya. Su kuwa ƙasashe biyar da aka amince suna da shi, wato Amurka da Rasha da Birtaniya da Faransa da Sin, sun yi alkawarin za su shiga shawarwari da zuciya ɗaya domin kawar da nasu, kuma ba za a hana kowa amfani da ilimin nukiliya wajen samar da wutar lantarki da magani da inganta noma ba. Iran tana cikin waɗanda suka sa hannu tun a 1968. Sama da rabin ƙarni ya wuce, ƙananan ƙasashe suna ta shan bincike, su kuwa manyan biyar ɗin nan babu ɗaya daga cikinsu da ta rabu da makamanta.

Duk da haka, an kai wani matsayi da sulhu ya yi aiki, kuma ya kamata a tuna da shi. Bayan ganawar sirri da Amurka da Iran suka yi a ƙasar Oman, da yarjejeniyar wucin gadi ta Jeneba a 2013, sai a ranar 14 ga Yuli, 2015 aka cim ma cikakkiyar yarjejeniya a birnin Biyana tsakanin Iran da ƙasashen nan biyar tare da Jamus, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ya tabbatar da ita a ƙuduri mai lamba 2231. Domin mai karatu ya gane nauyinta, sai a sani cewa sinadarin yuraniyom tace shi ake yi mataki-mataki. Wanda aka tace kaɗan shi ake sa wa tashar wutar lantarki, wanda kuwa ya kai wajen kashi 90 cikin ɗari shi ake ƙera bam da shi. Iran ta yarda ba za ta wuce kashi 3.67 cikin ɗari ba, ba za ta ajiye fiye da kilo 300 ba har tsawon shekara 15, ta rage injunan tacewa daga wajen 19,000 zuwa 6,104, ta kuma cika cikin tukunyar tashar Arak da kankare. A madadin haka aka sassauta mata takunkumi. Hukumar Makamashin Nukiliya ta yi ta fitar da rahoto bayan rahoto tana shaida cewa Iran tana cika sharuɗɗan.

Ana cikin haka, ranar 8 ga Mayu, 2018 shugaban Amurka Donald Trump ya fitar da ƙasarsa daga yarjejeniyar, ya mayar da takunkumi har da ƙari, alhali masu binciken ba su ce an saɓa ba. Ƙasashen Turai uku da suka sa hannu sun nuna rashin jin daɗinsu, amma suka kasa kare cinikin da suka yi wa Iran alkawari, domin kamfanoninsu sun fi tsoron fushin Amurka. Iran ta jira shekara guda, sannan daga 2019 ta fara ƙetare iyakokin ɗaya bayan ɗaya, a 2021 ta kai tacewa kashi 60 cikin ɗari. Zuwa watan Mayu na 2025 hukumar ta ƙiyasta cewa ta tara fiye da kilo 400 na irin wannan. Ƙasar da aka tsayar a kashi 3.67 ta hanyar tattaunawa, sai ga ta a kashi 60 bayan an koma matsin lamba. Wannan lissafi kaɗai ya isa hujja ga mai hankali.

Ba za mu wanke Iran ba, domin adalcin da muke nema mata shi ne kuma ya hana mu rufe ido ga laifinta. Ta ɓoye gina tashar Natanz har aka tona a 2002, ta kuma ɓoye ta Fordo da aka haƙa cikin dutse kusa da birnin Ƙum har aka bayyana ta a 2009. A ƙarshen 2015 Hukumar Makamashin Nukiliya ta kammala bincikenta da cewa kafin ƙarshen 2003 an gudanar da ayyuka masu tsari a Iran waɗanda suka shafi ƙera makami. A 2022 ta cire wasu na'urorin ɗaukar hoto na masu bincike. Ƙasar da ta shaida wa duniya a 2005 cewa jagoranta Ali Khamenei ya yi fatawar haramta makamin nukiliya, ba ta da uzurin tara abin da tashar lantarki ba ta bukata. Wanda ya ce ba ya cin nama bai kamata a riƙa ganinsa yana kwana a mahauta ba.

Amma yadda aka bi da lamarin a 2025 ya fi komai ɓata sunan sulhu. Daga watan Afrilu wakilan Amurka da na Iran sun yi zama biyar da shiga tsakanin Oman, aka sa ranar 15 ga Yuni domin zama na shida a Maskat. Saura kwana biyu, ranar 13 ga wata, Isra'ila ta kai hari ta kashe manyan hafsoshin soja da masana kimiyya, ranar 22 kuma jiragen Amurka suka yi ruwan bama-bamai a Fordo da Natanz da Isfahan. Abin da ya biyo baya shi ne Iran ta dakatar da haɗin kai da masu bincike a watan Yuli, sannan a ƙarshen Satumba takunkumin Majalisar Ɗinkin Duniya ya dawo bisa bukatar Birtaniya da Faransa da Jamus. Bam yana rusa gini, amma ilimin da ke cikin ƙwaƙwalwar dubban masana ba ya ƙonewa, kuma idan aka kori mai gadi babu wanda zai san abin da ake yi a cikin ɗaki.

Shugabannin ƙasashe suna karanta tarihi, kuma darasin da aka koya musu mai haɗari ne. Libiya ta miƙa shirinta na nukiliya a Disamba 2003, bayan shekara takwas jiragen ƙungiyar NATO suka taimaka aka kifar da Mu'ammar Gaddafi aka kashe shi. Yukiren ta rabu da makaman da ta gada daga Tarayyar Sobiyet bisa tabbacin da aka ba ta a Budafes a 1994, sai ga Rasha, ɗaya daga cikin masu ba da tabbacin, ta ƙwace Kirimiya a 2014, ta kuma auka mata a 2022. Iraƙi kuwa an mamaye ta a 2003 da sunan makaman ƙare-dangi waɗanda ba a taɓa samu ba. Mu a wannan yanki ba za mu manta ba cewa cikin hujjojin da aka kafa har da takardun da suka ce Saddam Husaini ya nemi sayen yuraniyom daga Jamhuriyar Nijar, takardun da shugaban Hukumar Makamashin Nukiliya na lokacin, Muhammad ElBaradei, ya shaida wa Kwamitin Sulhu a watan Maris na wannan shekara cewa na jabu ne, amma ba a fasa yaƙin ba. A ɗaya gefen ga Koriya ta Arewa, wadda ta fice daga yarjejeniyar a 2003, ta gwada bam a 2006, har shugaban Amurka ya taka ya gana da shugabanta a Singafo a 2018. Wane mai mulki ne zai dubi waɗannan misalai ya ce miƙa wuya ya fi masa tsaro?

Sai kuma babban mudu na biyu, wato Isra'ila. Ba ta taɓa sa hannu a yarjejeniyar hana bazuwar makaman ba, tashar Dimona ba ta ƙarƙashin binciken hukumar, kuma tun a 1986 wani tsohon ma'aikacin tashar, Mordechai Vanunu, ya fallasa wa wata jaridar Landan abin da ake ƙerawa a wurin, ya kuwa sha ɗaurin shekara 18. A 1974 Iran da Masar suka gabatar wa Majalisar Ɗinkin Duniya shawarar a mayar da Gabas ta Tsakiya yankin da babu makamin nukiliya. A 1995, lokacin da aka tsawaita yarjejeniyar har abada, an haɗa da ƙuduri a kan wannan buri domin samun amincewar ƙasashen Larabawa. Shekaru sun shuɗe ba a aiwatar ba. Wanda bai yarda a duba rumbunsa ba shi ne ya zama mai hukunta wanda ake dubawa.

A nan muke jan hankalin matasanmu, musamman waɗanda fushin wannan rashin adalci ya sa suke fatan wata ƙasar Musulmi ta mallaki bam ko ta halin ƙaƙa. Musulunci ya umurci al'umma da tanadin ƙarfi, wannan gaskiya ne, amma ya gindaya wa yaƙi iyakoki. Manzon Allah (SAW) ya hana kashe mata da ƙananan yara, Sayyidina Abubakar (RA) kuma ya yi wa rundunarsa wasiyya da su bar tsofaffi da masu ibada a ɗakunansu, kada su sare itatuwa masu 'ya'ya, kada su hallaka dabbobi a banza. Makamin da ya kashe kimanin mutum 140,000 a Hiroshima kafin ƙarshen 1945 ba ya bambance soja da jariri, gubarsa kuma tana bin ƙasa da ruwa da jikin waɗanda suka tsira. Magabatanmu sun san wannan, shi ya sa da Faransa ta fara gwajin bam a Reggane cikin Saharar Aljeriya a watan Fabrairu na 1960, ta kuma ƙi dainawa, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta yanke hulɗar jakadanci da ita a Janairu 1961. Kuma a sani, bam ɗaya a yankin ba zai tsaya a ɗaya ba, domin Yarima mai jiran gadon Saudiyya, Muhammad bin Salman, ya faɗa a fili a 2018 cewa idan Iran ta ƙera, ƙasarsa ma za ta bi sahu. Tarin irin waɗannan makamai a kewayen Harami biyu da Masallacin Ƙudus ba abin da Musulmi zai yi wa murna ba ne.

Abin koyinmu a sha'anin sulhu shi ne Hudaibiyya. A shekara ta shida bayan Hijira Manzon Allah (SAW) ya amince da sharuɗɗan da suka yi wa sahabbai nauyi, har ya mayar da Abu Jandal ga Ƙuraishawa yana cikin mari, domin an riga an ƙulla magana. Ya riƙe alkawarin har sai da Ƙuraishawa da kansu suka warware shi, suka taimaki Banu Bakr a kan Khuza'a. Alkawari kaya ne, kuma yana hawa kan mai ƙarfi kamar yadda yake hawa kan mai rauni.

Saboda haka muna kira ga Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi da ta daina tsayawa a matsayin 'yar kallo, ta tsaya da murya ɗaya a kan abubuwa uku: duk yarjejeniyar da za a ƙulla ta ɗaure ɓangarorin biyu, ta yadda sauyin shugaba a wata ƙasa ba zai rushe ta ba, Iran ta buɗe ƙofofinta ga masu bincike ba tare da ɓoye-ɓoye ba, sannan a aiwatar da ƙudurin 1995 a kan kowace ƙasa ta yankin, har da Isra'ila. Muna kira ga gwamnatocin Afirka su yi wannan magana da ƙarfin gwiwa, domin suna da bakin faɗa. Afirka ta Kudu ta wargaza bama-bamanta shida da hannunta, ta shiga yarjejeniyar a 1991, nahiyar kuma ta haramta wa kanta makamin a yarjejeniyar Pelindaba da aka sa wa hannu a Alƙahira a 1996. Ko a nan gida, ƙaramar tukunyar bincike ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda ta fara aiki a 2004, an sauya mata makamashi a 2018 zuwa wanda ba a tace sosai ba, aka mayar da tsohon zuwa Sin, ba tare da an tsoratar da kowa ba. Malamanmu kuma su riƙa bayyana wa jama'a waɗannan al'amura da ilimi, iyaye su tura 'ya'yansu karatun kimiyya, domin al'ummar da ake haƙar yuraniyom a ƙasarta a Arlit bai dace ta zama ita ce mafi ƙarancin sanin abin da ake yi da shi ba.

Allah Ya kare rayukan bayinSa raunana, Ya shiryi shugabanni zuwa ga gaskiya da riƙon amana, Ya kuma sa mu dace duniya da Lahira, amin.