Ilimi Kaɗai Ba Ya Tuƙa Jirgi

Ranar 27 ga Maris, 1977, jiragen sama biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a filin jirgin tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, mutum 583 suka rasu. Matuƙin jirgin Holan, wanda ya fara gudun tashi ba tare da izini ba, ƙwararre ne da ke horar da sauran matuƙa. Sai dai an daɗe ana jira, hazo ya rufe fili, shi kuwa ya ƙagu ya tashi. Da injiniyansa ya tambaya ko ɗaya jirgin ya kauce daga hanya, sai ya amsa da ƙarfi cewa ya kauce. Injiniya bai sake cewa uffan ba.

A ganina, abin da wannan matuƙi ya rasa a ranar shi ne basirar sarrafa zuciya. Masana halayyar ɗan Adam biyu na Amurka, Peter Salovey da John Mayer, sun fayyace ta a 1990: mutum ya gane abin da ke motsi a ransa da na wasu, ya kuma iya yi masa linzami. Kimiyya ta nuna cewa in fushi ko fargaba suka yi tsanani, wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa mai suna amigdala kan yi rinjaye, sashen gaba mai auna al'amura kuwa ya yi rauni. A lokacin ne gwani kan yi kuskuren ɗan koyo.

Wani zai ce ai hali zanen dutse ne. To, amma tun daga 1981 kamfanonin jiragen sama suka fara horar da manyan matuƙa su saurari na ƙasa da su, ƙanana kuma su faɗi gaskiya ba tsoro, kuma yau horon ya zama tilas a ƙasashe da dama. Ashe ana iya koya.

Saboda haka, ya ku malamai, ɗalibin da ake tsorata shi duk lokacin da ya yi tambaya, shi ne ma'aikacin jinyar da gobe zai ga likita ya yi kuskure ya kama bakinsa. Ku kuma ɗalibai, ku riƙe karatu da kyau, amma ku koyi haɗiye fushi da karɓar gyara. Girman kai rawanin tsiya ne, wani lokaci ma har rayukan jama'a yake ci.