BAƘO DA TSOHUWAR FIJO A KADUNA

Yau ba labarin soyayya na zo da shi ba, wata magana ce da ta daɗe tana cina a rai, kuma na san wasu za su ce ina ruwan marubuci da zancen mota, to ku yi haƙuri ku bi ni har ƙarshe.

Lokacin da zama ya mayar da ni Kaduna daga Kano, ban zo da wata dukiya ba sai iyalina da buhunan littattafai da tsohuwar Fijo 504 da mahaifina ya bari, Allah ya jiƙansa. A Kano ba ni da matsala da ita, na san bakanikena, na san lungun da zan shiga a Ƙofar Ruwa in samo abin da ya lalace, kuma muna da majalisarmu ta masu tsofaffin motoci. Amma da na sauka a sabuwar jiha sai na gane gaskiyar Bahaushe da ya ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Wata biyu motar tana lulluɓe da tamfol, ni kuma kaɗaici yana neman kashe ni.

Taron farko da aka kai ni, wani maƙwabcina ne ya ce ai akwai masu son mota irina. Na je na tarar da samari 'yan gata da Marsandi da BMW, an yanke salansa, sai ƙara da hayaƙin taya, suna juyi a kan titin da jama'a ke bi. Da na faka Fijona har wani ya tambaye ni ko daga gidan tarihi na aro ta. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya tayar min da hankali shi ne wata yarinya mai tallan gyaɗa da mota ta kuskure da ƙyar, farantinta ya watse, ita tana kuka su suna shewa. Wallahi daga ranar ban sake komawa ba.

To irin waɗannan ne suka sa da an ce ƙungiyar masu son mota sai dattawa su taɓe baki, su ce shashanci ne. Ni kuma a nan nake da ja, don an haɗa abu biyu da ba su da dangantaka. Mai wasan ganganci da ran mutane daban, mai son mota daban.

Masu son motar na gaskiya a Panteka na same su, ranar da kafireta ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Wani dattijo ya zagaya motar yana shafa ta kamar ya ga 'yarsa da ta daɗe a gidan miji. Ya ce, "Malam, ka san wannan ba baƙuwa ba ce a garin nan? Gida ka dawo da ita." Ashe ya yi shekaru yana aiki a kamfanin Peugeot na Kakuri, inda aka fara haɗa motoci a 1975. Na ce, "Baba, ai kuwa ni ne baƙon." Ya yi dariya, ya ce in zo ranar Lahadi bayan la'asar.

Abin da na tarar ya ba ni mamaki. Mutane ne da ba su kai ashirin ba, akwai tsohon direban gwamnati, da malamin makaranta, da mai walda, da wani likita. Kowa ya buɗe gaban motarsa, wannan yana koya wa wancan saitin fulogi, wani ya kawo lagireto yana neman mai buƙata. A bakinsu na ji cewa 504 ta fito a Faransa a 1968, kuma a 1975 ta cinye tseren Safari na ƙasar Kenya, shi ya sa take raina ramukan titinmu.

Amma ba tarihin mota ne ya fi kama ni ba. Duk wanda ya san Kaduna ya san abin da rikicin 2000 da na 2002 suka bari: gari ya rabu, Musulmi sun fi yawa a arewacin kogi, Kirista a kudu, har akwai wanda zai shekara bai tsallaka gada don ziyara ba. A wannan majalisa kuwa na ga mutumin Tudun Wada da na Sabon Tasha sun cusa kai cikin inji ɗaya, hannu duk baƙin mai. Idan an kira magariba mu tashi mu yi salla, su kuma su tsare mana kayan aiki. Ranar da motata ta mace min da dare a Barnawa, ɗaya daga cikinsu ne ya fito da igiya ya ja ni har ƙofar gida, ko sisi ya ƙi karɓa. An ce zumunci a ƙafa yake, to ni na ga wanda yake a taya.

Na san za a ce tun da aka cire tallafin mai a 2023 wa yake da kuɗin ƙona fetur don sha'awa? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, ni kaina sai in yi mako ban tayar da ita ba. Sai dai almubazzaranci yana wajen mai ƙone taya huɗu a dare ɗaya, ba wajen wanda ya riƙe motar da ta haura shekara 30 tana aiki ba. Wannan ai tattali ne, kuma ilimi ne da yake neman ɓacewa, don yaran bakanike na yanzu da yawa sai sun jona kwamfuta kafin su san ciwon mota, dattawan da ke ganewa da kunne kuwa kullum raguwa suke.

Saboda haka shawarata ga duk wanda ya koma wata jiha da son mota a zuciyarsa, kada ya fara da inda ake ƙara. Ya fara da kasuwar kayan gyara, ya yi tambaya, ya zauna ya saurara. Idan ya sami taro ya duba abu uku: shin suna tare wa jama'a hanya? Shin ana girmama mutum ne don tsadar motarsa? Shin idan ta mace maka a hanya akwai mai fitowa? Amsar waɗannan ta isa ta nuna maka inda ka faɗa, don zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Su kuma samarin can ban yanke musu ƙauna ba. Hukuma ta samar musu fili killatacce, da ƙa'ida da motar asibiti a gefe, sannan duk wanda ya yi a kan titi a hukunta shi ko ɗan waye. Mu ma dattawan majalisa mu jawo su jiki, don wanda ya sha wahalar kwance inji ya ɗaura da hannunsa ba zai so ya ragargaza shi a banza ba.

Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya jiƙan iyayenmu. Sai mun sake haɗuwa.