Garin Neman Gira: Wasiƙa Zuwa ga Masu Tace Bidiyo na Bena da Kewaye

'Yan'uwana, abokan sana'a.

Takardar nan taku ce, ku masu ɗaukar biki da suna da saukar karatu da taron coci daga Bena zuwa Wasagu da Ribah har cikin garin Zuru, ku dawo ku kwana kuna tacewa a laftof ko a waya da wutar janareta. Na san wahalarku, domin ni ma na sha ta. Maganata a kan fulogin ce, wato ƙananan manhajojin kwalliya da muke ɗorawa a kan Premiere Pro ko Vegas, da 'yan'uwansu na cikin CapCut, masu wulwula hoto, su watsa taurari, su buɗe fage kamar shafin littafi.

Wata rana wata baiwar Allah ta shigo shagona da faifan bikin 'yarta. Mahaifiyar matar ta rasu wata biyu bayan bikin, kuma ba su da hotonta ko ɗaya. Ta ce, "Don Allah malam, ka ciro mini fuskar Inna, in wanke in rataya a ɗaki." Muka zauna muna bi firem bayan firem. Sau ɗaya tak tsohuwar ta fito, tana riƙe da hannun amarya tana yi mata nasiha. Daidai nan wanda ya tace aikin ya sa hoton ya naɗe kamar tabarma, furanni na zubowa. A nan fure ya rufe mata ido, a can fuskar ta karkace. Muka nemi ɗanyen hoton, aka ce tuni an goge memori. Matar ta mayar da faifanta jaka, ta yi godiya, ta fita. Garin neman gira an rasa ido.

Ba cewa nake ku watsar da kwalliya ba. Siddabarun hoto kusan tare aka haife shi da fim, domin tun kafin shekarar 1900 Georges Méliès na Faransa yake ɓatar da mutum a idon kyamara. Mu da muka taso a zamanin Pinnacle Studio da Hollywood FX ɗinsa mun tuna yadda jama'a ke tafi in hoto ya rikiɗe ya zama ƙwallo. Amma lokacin abin baƙo ne. Yau yaron da ke riƙe da waya yana yin wanda ya fi shi, don haka ba da shi za ku nuna gwaninta ba.

Walter Murch, wanda ya ci Oscar da tace fim ɗin The English Patient, ya jera abubuwa shida da ake dubawa kafin a yanka hoto, a littafinsa In the Blink of an Eye na 1995. Abin da mai kallo zai ji a zuciya ya ba shi kashi 51 cikin ɗari, labari 23, tafiyar sauri da jinkiri 10. Ku lura, walƙiya da wulwulawa ba su samu gurbi ba.

Kowane sauyin fage magana yake yi. Yanka kai tsaye yana cewa muna nan a wuri ɗaya. Narkar da hoto cikin wani yana cewa lokaci ya shuɗe: an gama kamu, ga ranar ɗaurin aure. Dusashewa zuwa baƙi tana cewa babi ya rufe. In kun sa narkewa tsakanin ango da waliyyin da ke zaune gabansa, kun gaya wa mai kallo abin da bai faru ba. Ku zaɓi salo biyu ko uku ku riƙe har ƙarshen aiki. George Lucas ya yi amfani da sharar allo a Star Wars na 1977, amma ya ajiye ta ne don tashi daga wani fage zuwa wani. In kuma rawar Uhola kuka ɗauka, ganga ta riga ta tsara muku wurin yanka. Ku bi bugunta, ku bar ƙafar mai rawa da ƙurar fili su fito.

Sai abin da ya shafi hannu. Na farko, narkewar daƙiƙa ɗaya, a aikin da ke tafiya firem 25, tana cin kamar firem 12 na rara daga kowane ɓangare. In babu rarar, Premiere zai maimaita firem ɗaya, hoto ya daskare. Saboda haka ku ce wa mai kyamara ya bar daƙiƙa uku kafin abu da bayansa. Na biyu, yawancin aikinmu a WhatsApp da Facebook ake kallonsa, su kuwa matse bidiyo suke yi. Ƙyalƙyali da hayaƙi suna canza kowane ɗigo na allo, sai matsewar ta rasa yadda za ta yi, fuskar amarya ta koma dabbare-dabbare. Kafin ku miƙa aiki, ku tura wa kanku, ku kalla a ƙaramar waya.

Na uku, ku ji tsoron Allah a kan walƙiya. A watan Disamba na 1997, wani zanen yara na Pokémon ya kai mutum 685 asibiti a Japan, galibi yara, saboda walƙiyar ja da shuɗi. Ƙa'idar da ake bi yanzu ita ce kada ta wuce uku a daƙiƙa. Mu ma muna da masu farfaɗiya a gidajenmu.

Na huɗu, fulogin ɗin sata da ake turawa a filasha. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Sau da yawa da bairos yake zuwa, ko ya tsinke ana tsakiyar renda ga fetur na ƙarewa, ko ku buɗe aikin a wata kwamfuta ku tarar kwalliyar duk ta ɓace. DaVinci Resolve yana da nau'in kyauta na halal, in injinku zai ɗauke shi, kuma abin da ke cikinsa ya ishi mai aiki.

In mai biki ya ce shi dai a cika masa wuta, ku yi masa gajere na minti ɗaya don status, ku ƙawata iyakar son ransa. Dogon kuwa ku bar shi fes, sannan ku ba shi ɗanyen hoton ya ajiye.

Kun fi ni sanin abin da rashin tsaro ya yi wa yankin Danko-Wasagu a shekarun nan. Akwai ƙauyukan da aka tashi, akwai zauren da ba za a sake taruwa a cikinsa ba. Wani gidan, abin da kuka ɗauka shi kaɗai ya rage musu. Amana ce a hannunku. Duk lokacin da dattijo ya buɗe baki zai yi addu'a, ko uwa ta kama hannun 'yarta, ku ɗauke yatsa daga kan linzami, ku bar fuskar ta zauna a allo har ta gama. Wata rana wani zai zo nemanta.

Allah Ya yi wa sana'armu albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Naku,
ɗan'uwanku a sana'a.