Kada A Rufe Shagon Gem, A Dai Sa Masa Doka

Edita, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan wata magana da ta taso a garinmu.

Makon jiya dattawan unguwarmu suka zauna bayan sallar isha'i, suka ce lallai a je wurin mai unguwa a sa ya rufe shagon gem da ke bakin tasha, saboda wani wasan faɗa mai suna Mortal Kombat. Wai shi ke cire wa yaranmu tausayi. Na yi shiru a wurin don akwai sa'o'in mahaifina, amma maganar ta tsaya mini a rai, domin ni kaina na buga wasan nan.

Da na gama firamare an kai ni Kano wurin kawuna in koyi tireda. Ɗan mai gidan da muke haya yana da na'urar Sega, wadda ake cusa wa kaset a jona da talabijin. A nan na fara ganinsa. Wani kamfanin Amurka mai suna Midway ne ya fito da shi a 1992, a 1993 kuma ya shigo na'urorin gida. Abin da ya fara ɗaure mana kai shi ne 'yan wasan ba zane ba ne, mutane ne na gaske aka ɗauki hotonsu aka sa a ciki, sai ka ga kamar kai ne ke juya jarumin fim ɗin Chanis da hannunka. Ga kuma sunaye: akwai wani mugu mai jan ido ɗaya ana ce masa Kano, akwai wani ƙato mai hannu huɗu sunansa Goro. Mun sha dariya, muka ce lallai masu wasan nan sun taɓa zuwa kasuwar Kurmi.

To amma abin da ya zaunar da mu shi ne gasa. Mutum biyu ne, kowa da abin latsawarsa, wanda ya ci turmi biyu cikin uku shi ke zama, wanda aka kayar ya miƙa wa na baya. Jama'a, wannan ba dambe ba ne? A fagen dambe ma turmi uku ake yi, kuma in an kai mutum ƙasa cewa muke an kashe shi, alhali zai tashi ya karkaɗe jiki. Kowane ɗan wasa yana da sirrinsa, Sub-Zero ya daskarar da kai da ƙanƙara, Scorpion ya jefo maka mashi mai igiya ya fizgo ka, kuma sai ka haddace yadda ake latsawa kafin su fito. A bayan kwalin sigari na rubuta nawa. Ni yaron shago da ko takalmin kirki ba ni da shi, na kayar da ɗan mai gida sau bakwai a jere a gaban abokansa. Wallahi har yau in na tuna sai na ji daɗi.

Duk da haka ban ce dattawa ba su da gaskiya ba. In an gama faɗa wata murya takan ce ka ƙarasa shi, a nan ne ake cire kai ko a zaro zuciya. Su kansu Amurkawa abin ya dame su. Kamfanin Nintendo ya cire jinin daga nasa ya mai da shi kamar gumi, Sega kuwa ya ɓoye shi sai wanda ya san lambobin sirri, kuma na Sega ɗin ne ya fi ciniki, ka ga ke nan jinin ma yana da masu so. A watan Disamba na 1993 sai da majalisar dattawansu ta yi zama a kan irin waɗannan wasanni, a 1994 aka kafa hukumar da ke rubuta wa kowane wasa shekarun wanda ya dace ya buga. Mortal Kombat an sa shi a na 'yan shekara 17 zuwa sama.

Namu na da, jinin kamar an watsa jan fenti ne. Na yanzu fa, irin wanda ya fito a 2019 da na 2023, na leƙa shagon na gani da idona. Ni da nake yanka ragon layya da hannuna sai da na kau da kai. Kuma wa na tarar a gaban talabijin ɗin, baki buɗe? Ɗana mai shekara goma, wanda na aika ya kai wa masu noma abinci a gona. Daga baya na gane inda canjin da ke ɓacewa a akwatin tiredata yake zuwa. Na hukunta shi, amma na san rabin laifin nawa ne da ban bi sawunsa ba.

Shi ya sa nake ganin rufewa ba ita ce magani ba. Mai shagon yaro ne ɗan unguwa, da wannan sana'a yake ciyar da mahaifiyarsa, kuma in an rufe yaran za su koma wayar yayyensu a lungu inda babu mai ganinsu. Abin da nake roƙon mai unguwa shi ne a kira shi a kafa masa sharaɗi. Ƙananan yara a sa musu ƙwallo ko tseren mota, wasan faɗan ya zama na samari. Kada ya karɓi yaro lokacin makarantar boko ko Islamiyya, in an kira magariba kuma ya kashe janareta. In ya karya, ni zan fara sa hannu a rufe.

Ranar Juma'a za a sake zama, kuma wannan karon in Allah ya yarda zan nemi izini in yi magana, ko da za a ce yaro ya yi wa manya katsalandan.

Naku,
Wani manomi kuma ɗan tireda,
daga Jihar Jigawa.