Littafin da Ya Riga Masifa Isowa

Duk lokacin da wata babbar masifa ta auku, ba a daɗewa sai wani ya zaƙulo tsohon littafi ko fim ya ce an riga an faɗi abin tun bai faru ba, kuma a wannan zamani na wayar hannu irin wannan magana takan iso majalisun hira na Agbalepedo da sauran zangunan Lome, babban birnin Togo, tun ba a gama zaman makoki ba. Masu sauraro sukan rabu gida biyu, inda wasu ke cewa an buɗe wa marubucin ido ne, ko kuma yana cikin waɗanda suka ƙulla abin, wasu kuma su ce katari ne, wato haɗuwar abu biyu ba tare da ɗaya ya jawo ɗaya ba. Matsayin wannan shafi shi ne cewa akasarin irin waɗannan littattafai sun kwatanta haɗarin da ya riga ya fito fili a zamaninsu, wanda masu iko suka gani suka kau da kai.

Misalin da ya fi kusa da Bahaushe shi ne ƙagaggen labarin Chinua Achebe mai suna A Man of the People, wanda ya fito a Landan a watan Janairun 1966, yana ba da labarin wata ƙasar Afirka da ba a ambaci sunanta ba, inda cin hanci da maguɗin zaɓe suka kai matuƙa har soja suka karɓe mulki a shafukan ƙarshe. A daidai waɗannan kwanaki, ranar 15 ga Janairu, wasu hafsoshin sojan Najeriya suka yi juyin mulki, suka kashe Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello a Kaduna, suka ɗauke Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa a Legas suka kashe shi. Dacewar ta firgita mutane, kuma da yake Achebe babban ma'aikaci ne a gidan rediyon tarayya, sai wasu suka ɗauka da saninsa aka shirya juyin mulkin, har ta kai soja suna nemansa bayan juyin mulki na biyu a watan Yuli, ya fitar da iyalinsa daga Legas, shi ma ya bi bayansu zuwa gabashin ƙasar.

Mutumin Lome ya fi kowa dacewa ya gane cewa Achebe bai buƙaci duba ba kafin ya rubuta wannan ƙarshe, domin a wannan birni ne, da asubahin 13 ga Janairun 1963, tsofaffin sojojin Faransa 'yan asalin Togo, waɗanda aka ƙi ɗauka cikin rundunar ƙasa, suka harbe Shugaba Sylvanus Olympio a bakin ofishin jakadancin Amurka. Kafin shekarar ta ƙare soja sun sa hannu a sauyin mulki a Kwango Barazabil da Dahomey, wato Benin ta yau, a Nuwamban 1965 Mobutu ya karɓe Kwango ta Kinshasa, sannan a makon farko na 1966 Bokassa ya hau a Afirka ta Tsakiya, Lamizana kuma a Upper Volta, wato Burkina Faso ta yau. A cikin Najeriya kanta an yi rigimar ƙidayar 1962 da 1963, da zaɓen tarayya na 1964 wanda wani ɓangare ya ƙaurace masa, da ƙone-ƙonen da suka biyo bayan zaɓen Jihar Yamma a Oktoban 1965. Wanda ya ga hadari ya haɗo ta gabas ya ce a kwashe shanya, ba a kiransa boka.

A adabin Hausa ma akwai irin wannan, domin littafin Bature Gagare mai suna Ƙarshen Alewa Ƙasa, wanda ya fito a 1982, ya kwatanta gungun mutane masu ɗauke da makamai suna ta'asa a bayan yaƙin basasar Najeriya, kuma mai karanta shi a yau da wuya ya kasa tuna 'yan bindigar dazukan Zamfara da Katsina. Abin da marubucin ya lura da shi a lokacin shi ne abin da kan faru idan bindiga ta yawaita a hannun mutanen da ba su da sana'a kuma suke jin an zalunce su.

Akwai kuma inda aka ƙara wa miya gishiri. A farkon 2020 an yi ta yaɗa hoton wani shafi daga littafin Dean Koontz na Amurka, The Eyes of Darkness, inda aka ambaci wata ƙwayar cuta mai suna Wuhan-400, ana cewa tun 1981 ya hango korona. Bugun 1981 kuwa Gorki-400 ya kira ta, da sunan wani birnin Tarayyar Sobiyet, sai a bugun 1989 aka mai da ita ƙasar Sin, kuma cutar littafin tana kashe duk wanda ta kama cikin sa'o'i, abin da ya yi hannun riga da korona. A nan ne masu cewa katari suke da gaskiya, domin ana buga dubban ƙagaggun labarai kowace shekara, ana tuna ɗayan da ya dace, ana mantawa da sauran da suka kuskure. Malamai ma sun daɗe suna karantar da cewa gaibu, wato abin da ke ɓoye ga dukan halitta, Allah kaɗai Ya san shi, suna kuma bambanta shi da firasa, wadda ita ce kaifin lura da alamun zahiri har a gane inda al'amari ya dosa.

Wanda ke son ganin yadda firasa take aiki, tashar motar Agbalepedo ta ishe shi makaranta. Daga nan motoci ke kama babbar hanya ta ɗaya zuwa Atakpame da Sokode da Kara da Dapaong har Cinkasse a bakin iyakar Burkina, kuma ba baƙon abu ba ne a ga yaran mota suna jibga buhuna a rufin bas har tsayin lodin ya kusa kai na motar, suna ɗaure shi da igiyar roba, ga taya ta suɗe har zarenta na leƙowa, ga direban da bai runtsa ba yana kurɓar shayi yana jiran 'yan kamasho su cike kujerar ƙarshe. Duk marubucin da ya zauna a wurin yini guda ya rubuta labarin motar da ta kife a gangaren Aledjo da ke kan wannan hanya, ko ba daɗe ko ba jima za a sami haɗarin da ya yi kama da labarinsa. Abin baƙin ciki shi ne idan aka kira shi mai gani har hanji, to an sauke nauyi daga kan mai motar da jami'in da ya ɗaga mata hannu ta wuce, an mai da sakaci ƙaddarar da ba ta da makawa, idan kuma aka ce katari ne, an ce ke nan gargaɗin nasa ba shi da tushe tun farko.

Shahararren misalin Turawa ma a kan wannan turba yake. A 1898 Morgan Robertson, wanda ya yi shekaru yana aikin jirgin ruwa, ya wallafa Futility, labarin wani ƙaton jirgi mai suna Titan da ya daki tsaunin ƙanƙara a tekun Atlantika a watan Afrilu ya nutse, ba shi da isassun kwale-kwalen ceto, sannan a Afrilun 1912 jirgin Titanic ya nutse ta wannan hanya da mutum kimanin 1,500. Kamanceceniyar sunayen biyu takan ɗauke hankali, amma ƙarancin kwale-kwalen ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin dokar Ingila ta 1894 ta tsaya ne a kwale-kwale 16 ga duk jirgin da ya haura tan 10,000, alhali Titanic ya haura tan 46,000, yana ɗauke da mutum fiye da 2,200 da kwale-kwale 20 masu cin mutum 1,178. Tun 1886 ɗan jarida W. T. Stead ya rubuta gajeren labari da nufin jan kunne a kan wannan giɓi, kuma shi kansa yana cikin waɗanda suka halaka a Titanic. Sai a Janairun 1914, shekara 28 bayan labarinsa, ƙasashe suka sa hannu a Landan a kan yarjejeniyar farko ta kare rayuka a teku, wadda ta nemi a tanadar wa kowane mutum da ke cikin jirgi gurbi a abin ceto.